Mastas a saikolojin kotu: akwai abinci a ciki, ko kuɗin Baba zan ƙona?

'Yar_Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, wanda ya sani don Allah ya taimaka. Soshiyoloji, wato ilimin zamantakewar al'umma, na karanta, na dawo daga bautar ƙasa wata biyar ke nan ina zaune a gida nan Gombe. Tun ina aji uku a jami'a raina ya kwanta da foransik saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam da ake aiki da shi a kotu da gidan yari da wurin 'yan sanda. So nake in yi mastas a kansa. Da na gaya wa Baba sai ya sauke tabarau ya ce, "Wato karatun mahaukata za ki yi, ki haɗa da na ɓarayi?" Ya ce zai biya, amma sai na kawo masa mutum ɗaya da yake cin abinci da wannan karatu a ƙasar nan. Yau sati biyu ban samo ba. A ina ake yinsa? Da digirina za a ɗauke ni? In an gama, wa ke ɗaukar mutum aiki?

Bolari_Boy:
Wa alaikumus salam. Hajiya, kallon finafinan Amurka ne ya yi miki yawa. Can ne mutum zai tsaya kan gawa ya ce wanda ya yi kisan bahago ne kuma uwarsa ba ta shayar da shi ba. Mu nan kafin 'yan sanda su iso, unguwa gaba ɗaya ta tattake wurin. Ki nemi koyarwa kawai.

Anti_Saikoloji:
Bolari_Boy, rabin maganarka gaskiya ce, amma abin da ka kwatanta ba shi ne aikin ba. Ko a Amurka masu zana siffar mai laifin da ba a kama ba 'yan tsiraru ne, kuma yawancinsu jami'an bincike ne. Ainihin aikin zama ne da mutumin da ke hannu, a yi hira da shi, a yi masa gwaje-gwaje, a karanta fayil ɗinsa, a rubuta rahoto. Kotu na son ta san abu biyu: lokacin da ya aikata abin yana cikin hankalinsa? Kuma yanzu zai iya fahimtar tuhumar da ake yi masa har ya kare kansa? Akwai kuma auna yiwuwar ya sake aikatawa in an sake shi, da hira da yaran da aka ci zarafinsu.

Ƙanwata, matsalarki ta farko digirinki ne. Soshiyoloji daban, saikoloji daban. Galibin sassan saikoloji ba za su ba ki mastas kai tsaye ba, sai kin fara yin difulomar bayan digiri, PGD, a saikoloji. Ki lissafa shekara ɗaya a nan. Mafi kusa da mu da na sani Jami'ar Jos ce, sashensu tsoho ne. Akwai Keffi, akwai Makurɗi, sai Ibadan da Nsukka da Legas in Baba zai bar ki ki yi nisa. Ibadan na da mastas na saikolojin shari'a da laifuka da tsaro.

'Yar_Jekadafari:
Anti na gode ƙwarai. Ashe akwai wata shekarar kafin ma a fara. To ke wanne kika yi?

Anti_Saikoloji:
Na asibiti na yi, kilinikal. Kuma shi nake ba ki shawara, ko da kotu kike hange. Dalili, wanda zai ce wa alƙali wane yana da taɓin hankali dole ya zama ya zauna da masu taɓin hankali ɗaruruwa. Wannan ba a aji ake samunsa ba, sai a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, ko na Maiduguri, ko Kware a Sakkwato, ko Aro a Abekuta, ƙarƙashin wanda ya riga ki. In takardarki ta ce foransik amma ba ki taɓa zama da mara lafiya ba, asibiti ba za su ɗauke ki ba, kotu kuma ba ta ɗaukar ma'aikata irinmu da ma.

Barista_Tudunwada:
Bari in shigo, tunda ana ambaton kotu. Shekarata 14 ina wannan aiki tsakanin Gombe da Bauchi. Sashe na 51 na final kod, dokar hukunta laifuka wadda muke aiki da ita a Arewa, ya ce abin da mutum ya aikata ba laifi ba ne idan saboda taɓin hankali bai san abin da yake yi ba, ko bai san cewa ba daidai ba ne ko ya saɓa doka. A Kudu sashe na 28 na kiriminal kod ne, kuma nasu ya fi faɗi, don ya haɗa da wanda ya kasa riƙe kansa. Asalin wannan tunani daga Ingila ne, shari'ar M'Naghten ta 1843, mutumin da ya harbe sakataren firaminista Robert Peel. Sashe na 68 na dokar shaida ta 2011 kuma ya ba kotu damar jin ra'ayin ƙwararre.

To amma ga inda gizo ke saƙa. A duk shari'o'in da na gani an ta da maganar hauka, likitan ƙwaƙwalwa kotu ke nema, mai takardar likitanci. Ban taɓa ganin an kira masanin halayya ya hau akwatin shaida da kansa ba. In ma ya yi aiki, rahotonsa na cikin fayil ɗin likitan ne. Ban ce doka ta hana ba, na ce ban gani ba.

Dokta_Kumo:
Barista gaskiya ka faɗa, amma kada a ɗauka raini ne. Mu likitoci mu ke sa hannu, sai dai gwajin basira da na ɗabi'a ba mu muke yi ba, su Anti ne. In ina zargin mutum ƙaryar hauka yake yi, ita nake nema. Mai ƙarya yakan zaƙe. Ka tambaye shi ƙafar akuya nawa ya ce biyar, alhali mai ciwon gaske zai ce huɗu, sannan ya gaya maka akuyar maƙwabcinsa ke kai rahotonsa wurin hukuma.

Ko a Amurka sai 1962, a shari'ar Jenkins, kotun ɗaukaka ƙara ta yarda masanin halayya zai iya ba da shaidar ƙwararre kan ciwon ƙwaƙwalwa. Su ma sai da aka ja.

Bolari_Boy:
To kun gani. Amurka 1962, mu sai a ƙara shekara ɗari.

Baba_Gandroba:
Salamu alaikum. Ni ban yi bokon ku mai zurfi ba, jikata ce ta sa ni a wannan zaure, amma na yi shekara 33 ina aikin gidan yari kafin in aje. 'Yata mai tambaya, ki saurara.

A wani gida da na yi aiki, ba zan faɗi garin ba, akwai wani bawan Allah da aka kawo kan zargin ya sari ƙanin babansa. Alƙali ya ce a kai shi likita ya duba hankalinsa kafin a ci gaba. Shi ke nan fa. Yau babu mota, gobe babu mai, jibi likitan ya tafi taro. Mutumin nan kullum da hantsi zai cire rigarsa ya ninke ta ninki huɗu, ya ɗora a kan silifas ɗinsa, ya tsaya bakin ƙofa ya ce yau za a zo ɗaukarsa ɗaurin aure. In an kawo gabza sai ya raba biyu ya aje wa amarya. 'Yan ɗaki tun suna dariya har suka daina, suka koma su ke wanke masa rigar. Na bar gidan yana nan, an yi mini canji. Shekara huɗu na san shi, ko sau ɗaya ba a koma da shi gaban alƙali ba.

Mu abin da muka iya kulle da buɗewa da ƙirga. Da akwai wanda aikinsa ke nan ya zauna da shi ya rubuta takarda, da ko asibiti ya tafi ko gida. Saboda haka in ana cewa babu aikin, ni ban gane ba. Aikin na nan jibge. Albashin ne ban sani ba.

Ummu_Hanan:
Innalillahi. Baba wannan labari ya tsaya mini a rai. Allah Ya saka wa waɗanda suka riƙa wanke masa riga.

Barista_Tudunwada:
Baba, Allah Ya ƙara girma. Irin wannan ba ɗaya ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke. Kuma mutane su sani, ko kotu ta yarda mutum ba ya cikin hankalinsa, ba cewa ake tafi gida ba, tsare shi ake ci gaba da yi. Shi ya sa wani lokaci lauya ke tunani biyu kafin ya ta da maganar.

A takarda an samu canji. A 2019 aka sa hannu kan dokar da ta mai da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali, aka ƙara ɓangaren hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sakin talala. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Duk waɗannan na buƙatar irin mutanen da ƙanwarmu ke son zama. Sai dai doka daban, kasafin kuɗi daban.

Na_Dukku:
Ni tambayata, duk wannan karatu da gwaje-gwaje na Turawa, sun san aljani? Wani abin da kuke kira ciwon ƙwaƙwalwa shafar iska ce ko sammu, ruƙiya yake buƙata ba takarda ba.

Malam_Herwagana:
Na_Dukku, ruƙiya gaskiya ce, amma ba ta hana neman likita ba, kuma ba ita ake tambaya a nan ba. Maganar auna hankalin wanda ake tuhuma ba Turawa suka kawo mana ita ba. Hadisi ya tabbata cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Kuma lokacin da Ma'izu ya zo yana iƙirari a kan kansa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai da ya tambaye shi ko yana da taɓin hankali. To alƙalin kotun shari'a a Gombe ko Bauchi, wa zai tambaya yau? In 'ya'yanmu ba su karanta ba, wa ya san yarenmu da addininmu da zai yi? A gaya wa mahaifin yarinyar nan haka.

Anti_Saikoloji:
Malam ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Yawancin gwaje-gwajen da muke da su a Amurka da Turai aka gina su, da Turanci, kan mutanen can. Akwai tambayoyi irin ko kana jin wani na iya cutar da kai daga nesa, ko ka yarda akwai halittun da ba a gani. Ka yi wa dattijo daga Nafaɗa wannan tambaya da Hausa ko Fulatanci, zai ce ƙwarai kuwa, kuma lafiyarsa lau. Wanda bai san mutanenmu ba sai ya rubuta masa ciwo. Akasin haka ma na faruwa: mai ciwon gaske a ce iskoki ne, a ɗaure shi da mari shekara da shekaru. Na_Dukku, na sha karɓar irinsu da tabon sarƙa a ƙafa.

Na_Dukku:
Ban ce a ɗaure kowa ba Anti. Na dai ce kada a manta da ɗaya ɓangaren.

Sadiq_a_Ingila:
Na ga ana ta maganar gida, bari in faɗi na waje don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa. Ni ɗan Bauchi ne, na zo nan na yi mastas ɗin shekara ɗaya a wannan fanni, na ɗauka ina gamawa na zama. Ashe ƙafa ɗaya na taka. A nan sai digirinka na farko ya zama wanda ƙungiyar masana halayya ta Birtaniya, BPS, ta amince da shi, in ba haka ba ka yi kwas ɗin sauya fanni. Mastas mataki na ɗaya ne. Mataki na biyu aiki ne ƙarƙashin mai duba ka, aƙalla shekara biyu, galibi ya fi. Sannan ka yi rajista da hukumar HCPC mai yi wa ma'aikatan lafiya rajista, kafin nan laifi ne ka kira kanka da sunan masanin foransik saikoloji. Babban mai ɗaukar aiki kuma hukumar gidajen yarinsu ce. A Amurka ma ya fi tsawo, sai digirin dakta, PhD ko PsyD, da lasisin jiha.

Aikin kansa? Yanzu mataimaki nake a wani wuri da ake tsare masu laifi marasa lafiya. Kashi mafi yawa na rana rubutu ne. Akwai ma'aunin haɗari da ake kira HCR-20, abubuwa 20 kan tarihin mutum da halinsa na yanzu da abin da ke jiransa a waje. Akwai na masanin halayya Robert Hare, mai auna halin rashin tausayi da rashin nadama, shi ma mai abubuwa 20, maki ya kai 40. Sai ka karanta fayil mai kaurin bulo kafin ka ce wa mutum sannu. 'Yar_Jekadafari, in kina son waje, tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, Chevening, na neman shekara biyu na gogewar aiki, don haka zaman gida ba ya ƙara miki komai.

Bolari_Boy:
Sadiq, to za ka dawo ka yi mana aikin ko sai dai shawara daga cikin sanyi? 😄

Sadiq_a_Ingila:
Ka samo mini ofishin da zai ɗauke ni, gobe in hau jirgi. Tambayar Baban yarinyar nan ni ma ita nake yi wa kaina.

Kwami_Ɗaya:
Kuna ta Ingila da Amurka alhali abin na bayan gidanku. Sansanin Malam Sidi fa? Tun 2016 aka kafa shirin Operation Safe Corridor, kuma nan ƙaramar hukumarmu ta Kwami ake kawo tubabbun Boko Haram. Akwai masana halayya a cikin masu aiki da su, tare da malaman addini da masu koyar da sana'a. Wanda zai zauna ya tantance wane ya tuba da gaske, wane yunwa ce ta fito da shi, ba wannan karatun ba ne?

Maman_Ikram:
Don Allah kada a kawo mana maganar tubabbun nan. Mu da muka baro Gwoza da kayan jikinmu a 2014 mu muka san abin da muka gani. Wa ya zauna da mu ya tambayi hankalinmu? Yayata har yau in taya ta fashe sai ta shige ƙarƙashin gado. Su an ba su mai lallashi da jari. In karatun na wanke masu kisa ne, gara ta zauna a gida.

Kwami_Ɗaya:
Maman Ikram, Allah Ya ba ku haƙuri, ban faɗa don in fama miki ciwo ba. Amma in za a sake su ko muna so ko ba ma so, ba gara wanda ya iya ya tantance su ba?

Maman_Ikram:
Wa ya iya shiga zuciyar mutum?

Anti_Saikoloji:
Babu, 'yar uwa. Duk wanda ya ce miki ma'auni na nuna tuba ƙarya yake yi. Abin da yake nunawa yiwuwa ce, kuma yana kuskure. Sannan fannin bai tsaya kan mai laifi ba, wanda aka zalunta ma nasa ne. Maganar yayarki, ki yi mini magana ta gefe, akwai abin da ake yi wa irin wannan firgita kuma ana samun sauƙi.

Admin_Zaure:
Jama'a a yi hattara, maganar na da zafi kuma kowa da abin da ya gani. Mu koma kan tambayar 'yar uwa.

SP_Mai_Ritaya:
To ni ga nawa. Na yi aikin ɗan sanda, ƙarshe a sashen binciken manyan laifuka. Abin da ya fi ba ni takaici da na waiwaya shi ne yadda muke ɗaukar bayani. Za a kawo yarinya 'yar shekara bakwai, ga uwa na kuka, ga kawu na zagi, ga kofur da biro yana cewa, "Shi ne ya ja ki cikin shagon ko?" Yarinya ta gyaɗa kai. An gama. A kotu lauya ya yi mata tambaya biyu magana ta watse, mai laifi ya fita yana murmushi, ko kuma a ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba.

Sai a wani kwas da aka tura mu na ji labarin gwajin masaniyar halayya Elizabeth Loftus na 1974. An nuna wa mutane hoton bidiyo na haɗarin mota, aka tambayi wasu gudun motocin lokacin da suka yi kaca-kaca, wasu kuma lokacin da suka bugi juna. Kalma ɗaya aka canja, amma na farkon suka faɗi gudu mafi yawa, bayan sati ɗaya kuma da yawansu suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi. Ranar na yi shiru ina tuna bayanan da na rubuta da hannuna.

Shawarata, 'yata, kada ki jira a buga tallar aiki da sunan karatun nan, ba za ki gani ba. Ki shiga da digirinki: gyaran hali, 'yan sanda, NDLEA, NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, ma'aikatar mata. In kin samu gindin zama sai ki nemi hutun ƙaro karatu. Kina ciki za a san amfaninki.

Anti_Saikoloji:
Ranka ya daɗe, a nan ne ban bi ka ba. Na ga waɗanda suka shiga da wannan niyya, aka tura su gadin ƙofa ko ofishin albashi, shekara goma ba su ga fayil ko ɗaya ba. Kaki ba ya tambayar me ka karanta. Gara ta fara samun sana'ar a hannu.

SP_Mai_Ritaya:
Sana'a a hannu, aljihu wayam? PGD shekara ɗaya, mastas biyu in ba yajin aiki, ga zaman asibiti. Shekarun ɗaukar aikin kaki kuma suna da iyaka, kafin ta gama ta wuce.

Ummu_Hanan:
Ba wanda ya yi maganar aure a cikin lissafin nan, kuma kun san za a yi ta a gida. Ni da ciki na yi mastas ɗina ina zirga-zirgar Bauchi zuwa Jos, ana yi, amma sai da mijin da ya yarda tun farko.

Ɗan_Kalshingi:
Ni mamakina, yaran kalare a Gombe da sara-suka a Bauchi, kullum kama su ake a sake, su koma. Gidajen horon yara na tarayya Kaduna da Ilori da Abekuta ne, babu ko ɗaya a shiyyarmu da na taɓa ji. Wa ya taɓa zama ya bi yaran nan ɗaya bayan ɗaya ya rubuta yadda suka fara? In ta yi bincikenta na mastas a kan wannan kaɗai, ƙungiyoyi za su neme ta. Kuma wannan ko da soshiyolojinta za ta iya, ko ta yi kiriminoloji a NOUN, jami'ar karatu daga nesa, tana gida.

Anti_Saikoloji:
Za ta iya, amma kiriminoloji nazarin laifi ne a cikin al'umma. Ba zai ba ta damar auna hankalin mutum ɗaya ta rubuta wa kotu ba. Sai ta zaɓi wanne take so.

'Yar_Jekadafari:
Na gode muku duka, Allah Ya saka da alheri. Jiya bayan isha'i na miƙa wa Baba wayar ya karanta da kansa. Ya daɗe a kan labarin Baba_Gandroba, ya karanta na Malam sau biyu. Da ya gama sai ya ce, "Anti asibiti take ci, Dokta likita ne, na Ingila mataimaki ne kuma ba a nan yake ba. Har yanzu ba ki kawo mini mutumin ba." Amma ya ce in binciko kuɗin fom ɗin PGD na Jos, kuma in aka buɗe ɗaukar ma'aikatan gyaran hali in cike. Na ce Baba wanne daga ciki? Ya ce wanda ya fara amsawa.

Bolari_Boy:
Baba ya fi mu duka iya saikoloji.

Anti_Saikoloji:
Kafin ki sayi fom ki kira sashen ki tabbatar suna ɗauka bana, kuma ki tambaya ko PGD ɗinsu na kai mutum kilinikal. Ki fara neman tiranskirif, takardar makin digirinki, tun yanzu, shi ke cin lokaci.

SP_Mai_Ritaya:
Ki dai cike na kakin.

Baba_Gandroba:
Barista, tunda kana nan. Mutumin da na ba da labari, in yana raye yanzu ya haura shekara goma a ciki. Na tuna sunansa da kotun da ta kawo shi. In na ba jikata ta turo maka ta gefe, akwai yadda za a yi a duba fayil ɗin?

Barista_Tudunwada:
Turo, Baba. Ka haɗa da shekarar da aka kawo shi in ka tuna.